Tantance ingancin sautin lasifikar kunne

Tantance ingancin sautin lasifikar kunne shi ne gano yadda na'urar sauraro da ake ɗorawa a kai ko ake cusawa a kunne take fitar da sauti, da kuma yadda sautin ya yi kusa da abin da aka naɗa tun asali. A ƙasar Hausa ana kiran ƙaramar da ake cusawa cikin kunne iyafis, babbar da ke rufe kunnuwa kuma ana ce mata hedfon. Hanyoyin tantancewa biyu ne: awo da na'urori a ɗakin gwaji, da sauraro da kunnen mutum bisa wasu ƙa'idoji. Masana sauti suna haɗa su biyun, domin kowace na toshe giɓin da ɗayar ta bari.

Batun ya fi shafar lasifikoki masu tsada, waɗanda farashinsu ke kamawa daga ɗaruruwan dala zuwa dubbai, amma ƙa'idojin ɗaya ne da na iyafis ɗin da ake saye a bakin tasha. Binciken da aka yi a kan batun ya nuna cewa tsada, sunan kamfani, kyan kwali da ƙarfin ƙara duk suna iya ruɗar mai sauraro, kuma abin da ya fi tasiri a kan daɗin sauti shi ne daidaito tsakanin kaurin sauti, tsakiyarsa da kaifinsa.

## Tarihi

Masu haɗa layin tarho ne suka fara amfani da abin sauraro na kunne a ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera lasifikar kunne mai ɓangare biyu a gidansa da ke jihar Utah, rundunar sojin ruwan Amurka kuma ta saya daga hannunsa. A wancan lokaci buƙata ɗaya ce: a ji magana ko saƙon rediyo sarai.

Maganar daɗin sauti ta taso ne daga baya. Kamfanin Beyerdynamic na Jamus ya fitar da DT 48 a shekarar 1937, wadda gidajen rediyo suka yi shekaru da dama suna aiki da ita. A 1958 John C. Koss ya fitar da lasifikar kunne ta sitiriyo, mai ba kowane kunne nasa sautin, domin sauraron kiɗa a gida. Kamfanin Stax na Japan ya kawo SR-1 a 1960, sai Sennheiser ya fitar da HD 414 a 1968, wadda ita ce ta farko mai buɗaɗɗen baya. Fitowar Walkman na kamfanin Sony a 1979 ta sa lasifikar kunne ta bar ɗaki ta hau titi.

Kasuwar masu tsada ta bunƙasa daga shekarun 1990. A 1991 Sennheiser ya ƙera Orpheus guda 300 kacal, magajiyarta HE 1 da ta fito a 2015 kuma an sa mata farashin kusan yuro 50,000. Lasifikokin Beats da suka fara fitowa a 2008 sun mayar da hedfon kayan ado, har kamfanin Apple ya saye Beats a 2014 a kan dala biliyan 3. Da farashi ya yi ta hauhawa, sai tambayar ta ƙara ƙarfi: da me za a gane cewa kuɗin da aka biya ya sayi sauti mai kyau?

## Ire-iren lasifikar kunne

Kowace lasifika tana da wani siririn tantani da ke kaɗawa ya tura iska zuwa dodon kunne, kamar yadda fatar ganga ke yi idan an buga ta. Bambancin yana wajen abin da ke kaɗa tantanin.

* Mai naɗin waya da maganaɗisu: ita ce ta fi yawa, daga iyafis mai araha har zuwa Sennheiser HD 800. Wutar sauti tana bi ta naɗin wayar da ke manne da tantani, maganaɗisu kuma ya riƙa tura shi gaba da baya.
* Mai shimfiɗaɗɗen tantani: an shimfiɗa siraran layukan waya a kan tantanin gaba ɗaya, da maganaɗisu a gefensa. Kamfanonin Audeze da HiFiMan sun yi suna da irinta. Takan yi nauyi a kai.
* Mai cajin lantarki: tantaninta siriri ne ƙwarai, an rataye shi tsakanin faranti biyu masu huji. Tana buƙatar amfilifaya ta musamman mai ba da ɗaruruwan bolt. Stax da Orpheus irin wannan ne.
* Mai ɗan ƙaramin ƙarfe mai lilo: ana amfani da ita a na'urorin taimaka wa masu raunin ji, yanzu kuma tana cikin iyafis masu tsada da mawaƙa ke sawa a kan dandamali.

Ta fuskar siffa kuma akwai mai rufaffen baya, wadda ke tare hayaniyar waje ta kuma hana sauti fita, da mai buɗaɗɗen baya, wadda iska ke ratsawa, sautinta ya fi sakewa amma na kusa yana jin abin da ake saurare. Babu nau'in da ya fi saura a kowane hali. A cikin kowane nau'i ana samun mai kyau da marar kyau.

## Abubuwan da ake dubawa

### Daidaiton sauti

Ana auna kauri ko sirancin sauti da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuma shi ne haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa kusan 20,000, amma saman yana raguwa da shekaru, manya da yawa ba sa jin abin da ya wuce 15,000. Masu tantancewa kan raba wannan zango kamar haka:

* Haz 20 zuwa 250, kaurin sauti, wanda matasa ke kira bes. Nan ne rugugin tambari da ganga suke. Idan ya yi yawa sai ya lulluɓe murya, idan ya yi kaɗan sai kiɗa ya zama fayau babu nauyi.
* Haz 250 zuwa 2,000, tsakiyar sauti. Mafi yawan jikin muryar mutum, goge, garaya da kalangu suna nan. Kunne yakan yi saurin gane kuskure a wannan yanki, domin da muryar mutane ya fi sabawa.
* Haz 2,000 zuwa 6,000, yankin fitar harafi. Nan kunne ya fi ji, nan ne kuma ake rarrabe baƙaƙe a magana. Idan ya yi yawa, algaita takan soki kunne.
* Haz 6,000 zuwa sama, kaifin sauti: ƙarar caki, sautin "s" da "sh", da shesshekar numfashin mawaƙi. Yawansa yana gajiyar da kunne, ƙarancinsa kuma yana sa a ji kamar an rufa wa lasifika bargo.

Rubutun da ake gani a jikin kwali cewa lasifika tana fitar da haz 20 zuwa 20,000 ba ya nuna inganci, domin bai faɗi yadda ƙarfin kowane yanki yake idan an gwada shi da na saura ba. Lasifika biyu masu rubutu iri ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana.

### Gurɓacewar sauti

Idan tantani ya kasa bin umarnin wutar da ke shiga daidai, yakan ƙara wasu sautuka da babu su a asali. Ana auna wannan da kashi cikin ɗari. A lasifikoki masu kyau yakan kasance ƙasa da kashi 1 a ƙarar da aka saba sauraro, abin da da wuya kunne ya kama a cikin kiɗa. Inda ake jin sa a fili shi ne lokacin da aka ƙure ƙara bes ya fara karkarwa ko ɓarɓarwa.

### Fili da matsayin makaɗa

A lasifikar ɗaki, kowane kunne yana jin sautin dama da na hagu duka, kai da fatar kunne kuma suna sauya shi kafin ya isa ciki. Da waɗannan sauye-sauye ne ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. Lasifikar kunne tana tsallake mafi yawansu, shi ya sa ake jin kiɗa kamar a tsakiyar kai. Masu tantancewa suna duba faɗin filin da ake ji, da kuma ko za a iya nuna wurin da kowane makaɗi yake. Sharaɗin farko shi ne ɓangaren dama da na hagu su yi daidai a ƙarfi, in ba haka ba muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya sai ta karkata gefe.

### Turjiyar lantarki da buƙatar amfilifaya

Turjiya ita ce yadda lasifika ke tare wutar da ke shiga, ana kuma auna ta da om. Iyafis da yawa suna tsakanin om 16 da 32, wayar hannu na iya tuƙa su. Sennheiser HD 600 tana da om 300, wasu na situdiyo kuma suna kai 600. Irin waɗannan sukan buƙaci amfilifaya kafin su yi ƙarar da ta isa. Yawan om ba alamar inganci ba ne, magana ce ta dacewa da abin da aka jona. Wanda ya gwada lasifika mai om 300 a kan wayar da ba ta iya tuƙa ta, wayar ya gwada, ba lasifikar ba.

### Zama a kunne

Kaurin sauti ya dogara ne da yadda iska ta rufu tsakanin lasifika da kunne. Sandar tabarau, bakin hula, ɗankwali ko gashi mai yawa suna iya buɗe ƙofar da bes zai zube, musamman a mai rufaffen baya. A iyafis kuwa, robar da ba ta yi daidai da ramin kunne ba tana iya ɓata sautin gaba ɗaya. Soson hedfon ma idan ya tsufa ya lotse, sautin yakan canza.

## Awo da na'ura

Ba a auna lasifikar kunne a sarari kamar lasifikar ɗaki. Ana ɗora ta ne a kan kan mutum-mutumi mai kunnuwan roba, da makirfo a daidai inda dodon kunne yake. Ɗaya daga cikin sanannun irin wannan kai shi ne KEMAR, wanda aka fitar a 1972, akwai kuma na kamfanonin GRAS da Brüel & Kjær na ƙasar Denmak. Ana tura sauti daga mafi kauri zuwa mafi siranci, kwamfuta kuma ta zana layin da ke nuna ƙarfin kowane yanki da ma'aunin desibel.

Abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne, layin lasifika mai kyau ba miƙaƙƙe ba ne. Fatar kunne da raminsa suna ƙara wa sautin da ke kusa da haz 3,000 ƙarfi kafin ya isa dodon kunne, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da hakan. Saboda haka dole layin ya yi tudu na kusan desibel 10 a wannan yanki kafin mutum ya ji sauti yadda ya saba jin sa a zahiri. Muhawarar masana ita ce wace siffa ce ta fi dacewa layin ya bi. A 1986 injiniyan Jamus Günther Theile ya ba da shawarar a kwaikwayi sautin da ke zuwa daga kowace kusurwa daidai wa daida, kamfanoni da dama kuma suka bi wannan ma'auni.

Awo yana da iyaka. Kunnuwan mutane sun bambanta a girma da siffa, kuma daga wajen haz 8,000 zuwa sama sakamakon yakan canza ko da an ɗan gusar da lasifikar a kan kai. Shi ya sa ake aunawa sau da yawa a ɗauki matsakaici.

### Ma'aunin Harman

Daga 2012 Sean Olive da Todd Welti na kamfanin Harman International a Amurka suka fara jerin gwaje-gwaje domin gano layin da masu sauraro suka fi so. Tunaninsu shi ne, tunda a kan lasifikar ɗaki ake haɗa yawancin waƙoƙi a situdiyo, to lasifikar kunne mai kyau ita ce wadda ta yi kama da lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau. Sun fitar da ma'auninsu na farko a 2013, suka sake gyara shi a 2015 da 2018. Layin yana da ɗan ƙarin bes, da tudun nan na haz 3,000, sannan ya sauka a hankali zuwa sama.

Domin kada mai sauraro ya gane lasifika ta nauyinta ko laushin sosonta, sun riƙa amfani da lasifika ɗaya tak, suna sauya layinta da kwamfuta ta kwaikwayi sauran. Gwajin da suka yi da mutane a Amurka, Kanada, Jamus da Sin ya nuna cewa zaɓin mutane ya yi kusa da juna fiye da yadda ake zato. A wani rahoto na 2019 sun raba masu sauraro gida uku: kashi 64 cikin ɗari sun fi son ma'aunin yadda yake, kashi 15 suna son a ƙara bes, kashi 21 kuma suna son a rage shi. Masu son ƙarin bes galibinsu maza ne, yayin da mata da waɗanda suka manyanta suka fi yawa a cikin masu son a rage. Wannan ya nuna ma'aunin matsakaicin zaɓi ne na jama'a, ba doka ba ce a kan kowane kunne.

## Gwajin sauraro

Kunne shi ne alƙali na ƙarshe, amma alƙali ne mai saurin karkata. Abubuwa uku ne suka fi karkatar da shi.

Na farko shi ne ƙara. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kaurin sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa, amma da an ɗaga ta sai bes ya cika. Don haka idan aka gwada lasifika biyu, wadda ta ɗan fi ƙara takan yi kamar ta fi daɗi, ko da bambancin bai kai desibel 1 ba. Dole a daidaita ƙarar su biyun kafin a yanke hukunci.

Na biyu shi ne ido. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun sa mutane su ba lasifikokin ɗaki maki sau biyu, sau ɗaya suna ganin su, sau ɗaya kuma a bayan labule. Makin ya canza: manya masu kyan gani da tsada sun fi samun maki idan ana kallon su, tazarar kuma ta ragu da aka ɓoye su. Hatta ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. A nan gani ya kori ji a zahiri.

Na uku shi ne mantuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙu. Wanda ya saurari wata lasifika jiya ya gwada ta da wata yau, abin da yake tunawa ya gwada. Saboda haka ake sauyawa da sauri a kan gajeren yanki ɗaya na waƙa.

Domin kauce wa waɗannan ne aka tsara gwajin ABX, wanda David Clark ya yi bayaninsa a 1982. Ana ba mutum sauti A da sauti B, sannan a ba shi X, wanda ɗaya ne daga cikinsu, ya faɗi wanne ne. Idan ya dace sau 12 cikin 16, ana ɗaukar cewa da gaske yana jin bambanci, domin yiwuwar samun haka da canki bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ita ma tana da ƙa'idojin gwajin sauraro, kamar BS.1116 da BS.1534, waɗanda gidajen rediyo da masu ƙera manhajar sauti ke bi.

## Farashi da inganci

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma akwai gaskiya a ciki ta fuskar ƙwarin jiki, laushin soso da daɗewa. Ta fuskar sauti kuwa lamarin bai miƙe haka ba. A 2017 Jeroen Breebaart ya wallafa nazarin awon lasifikokin kunne 283 a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, inda bai sami alaƙa tsakanin farashi da daidaiton sauti ba. Gwaje-gwajen Harman su ma sun sami alaƙa mai rauni ƙwarai tsakanin farashi da makin da masu sauraro suka bayar. Wani ɓangare na kuɗin masu tsada yana tafiya ne a kan kayan ƙira, aikin hannu, talla da suna. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Sony MDR-7506, wadda ta fito a 1991 kuma ba ta cikin masu tsada, amma har yau ana ganin ta a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim a faɗin duniya.

## Abin da ake saurare

Lasifika ba ta iya dawo da abin da ya ɓace daga fayil. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 kuma yakan matse shi zuwa 320, 128 ko ƙasa da haka ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. A 320 mutane kaɗan ne ke iya gane bambanci a gwajin ABX, amma fayil ɗin da aka matse sau da yawa yakan rasa kaifinsa. Bluetooth ma yana sake matse sauti: tsarin SBC yana kai kilobit 328, LDAC na Sony kuma 990. Yana kuma jawo ɗan jinkiri, dalilin da ya sa masu aikin situdiyo suka fi riƙe mai igiya.

## A ƙasar Hausa

Lasifikar kunne ta yaɗu a Arewacin Najeriya tare da wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a ƙasar daga 2001. A garuruwan tsakiyar jihar Katsina irin su Kankiya, da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, ana samun iyafis a shagunan kayan waya, a tasha da kuma ranakun kasuwa. Da yawa daga cikin kayan ana saro su ne daga Kano, inda kasuwar waya ta Farm Centre take. Sunaye irin su Oraimo, na kamfanin Transsion mai yin Tecno, itel da Infinix, sun fi zama sanannu a kan na Turai masu tsada. Ana amfani da su wajen sauraron labaran rediyo, karatun Alƙur'ani, wa'azi, darussa, littattafan da ake karantawa da waƙoƙi.

Yanayin saye a irin waɗannan kasuwanni yana tattare da duk abubuwan da ke ruɗar kunne. Ana gwadawa a cikin hayaniyar babura da janareta, wadda ke danne kaurin sauti, sai mai saye ya ƙure ƙara ya zaɓi wadda ta fi dukan kunne. Waƙar gwajin kuma sau da yawa daga memori take, an tura ta daga waya zuwa waya ba a san sau nawa aka matse ta ba. Ga kuma jabu, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a kwali amma kayan cikinsu daban. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na asali shi ne alama ta farko. Ƙurar hunturu da dattin kunne suna toshe ragar bakin iyafis su dusashe kaifinsa, zafi da gumi kuma suna sa soson hedfon ya yi saurin ɓarewa.

Masu amfani da hedfon a matsayin kayan sana'a su ne ma'aikatan gidajen rediyo da na situdiyoyin waƙa da fim na Kannywood. Mawaƙi yakan sa mai rufaffen baya lokacin ɗaukar murya domin kada kiɗan fiyano ya zubo cikin makirfo. Mai haɗa sauti kuwa yana buƙatar wadda ba ta ƙara komai ba: idan hedfon ɗinsa mai yawan bes ne, zai rage bes a waƙar fiye da kima, ta fito fayau a wajen jama'a. Shi ya sa ake sake sauraron aiki a lasifikar ɗaki, a mota da bakin waya kafin a sake shi.

### Harshen Hausa a matsayin abin gwaji

Ƙa'ida ce a wajen masu tantancewa a gwada da sautin da aka fi sani, kuma babu abin da Bahaushe ya sani kamar harshensa. Hausa tana rarrabe ma'ana da karin sauti, da tsawon wasali, da kuma baƙaƙe masu lanƙwasa. Lasifika mai kyan tsakiya za ta fitar da bambancin "kare" da "ƙare", "bari" da "ɓari", "sara" da "tsara" ba tare da mai sauraro ya dogara da ma'anar jimla ba. Murya mai yawan kauri kamar daga cikin randa alama ce ta bes ya haura kan tsakiya, "s" mai tsini kuma alama ce ta kaifi ya wuce kima. Masu koyon tajwidi suna iya yin irin wannan gwaji da bambancin sin da sad ko fitar gunna.

Kayan kiɗan gargajiya ma suna da amfani. Kalangu yana hawa da sauka yana kwaikwayon karin magana, don haka yana nuna ko wani yanki na tsakiya ya lotsa. Waƙoƙin Mamman Shata, haifaffen Musawa a jihar Katsina wanda ya rasu a 1999, suna gwada yadda murya ke fita a kan kalangai da 'yan amshi. Kuntigin Ɗan Maraya Jos yana gwada saurin tantani wajen bin kaɗawar tsirkiya, kotson Musa Ɗanƙwairo kuma yana gwada rarrabewar ganguna da muryoyi masu yawa. Sai dai da yawa daga cikin tsofaffin naɗe-naɗen nan ba sitiriyo ba ne, an kuma kwafo su daga kaset, saboda haka ba sa nuna faɗin fili ko iyakar kaifi. Domin waɗannan ana buƙatar sabon naɗi mai tsabta.

### Matakan gwaji ba tare da na'ura ba

* A nemi wuri marar hayaniya, a yi amfani da waya ɗaya da fayil ɗaya mai kyau, a kashe ikwalaiza.
* A tabbatar lasifikar ta zauna daidai a kunne, a gwada roba mai girma daban idan iyafis ne.
* A daidaita ƙarar lasifikokin biyu da muryar mai magana, a matsakaiciyar ƙara.
* A fara da magana, sannan kiɗa mai sauƙi, sannan mai cunkoso.
* A maimaita yanki ɗaya na daƙiƙa 20 zuwa 30, ana sauyawa da sauri.
* Idan zai yiwu, wani ya riƙa ɗora su ba tare da an ga wacce ce ba.
* A saurara na kusan rabin awa, domin sautin da ya burge a minti na farko shi ne sau da yawa yake gajiyarwa.

## Saɓanin ra'ayi

Masu sha'awar sauti sun rabu biyu. Wasu suna ganin awo da gwajin ɓoye suna ne kaɗai hujja, wasu kuma suna cewa akwai abubuwan da kunne ke ji a doguwar sauraro waɗanda zanen layi bai nuna ba. Ana jayayya a kan ko sabuwar lasifika tana ƙara daɗi bayan ta yi awoyi tana aiki. Awon da aka yi ya nuna sauyi kaɗan ne, yayin da sabawar ƙwaƙwalwa da lotsewar soso suke bayyana mafi yawan abin da ake ji. Haka nan igiyoyi masu tsada ba su nuna fifikon da ake iya maimaitawa a gwajin ɓoye suna ba, matuƙar igiyar da aka gwada da su lafiyayya ce. Abin da ɓangarorin biyu suka fi yarda a kai shi ne, ikwalaiza na iya gyara daidaiton lasifika sosai, amma ba ta gyara tantanin da ke karkarwa ko lasifikar da ba ta zauna a kunne ba.

## Lafiyar kunne

Duk tantancewa ta dogara da kunne mai lafiya, ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuma ba sa sake tsirowa idan ƙara ta kashe su. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa kusan biliyan 1.1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ƙa'idar da ta fitar tare da ITU a 2019 ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, da desibel 75 ga yara. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a desibel 90 awa 4 ne kawai a mako, a desibel 100 kuma bai kai rabin awa ba.

Lasifika mai tare hayaniya, ko mai kashe ta da lantarki irin wadda kamfanin Bose ya fara sayar wa matuƙa jirgin sama a 1989, tana taimakawa domin mai sauraro ba ya buƙatar ƙure ƙara. Kashe hayaniya ya fi aiki a kan rugugi mai ɗorewa kamar na janareta ko injin mota, bai cika tare muryoyin mutane ba. Yana kuma da haɗari ga mai tafiya a gefen titi ko mai tuƙa babur. Ƙugi ko shuwa a kunne bayan sauraro, da jin magana kamar daga nesa, alamu ne na ƙara ta yi yawa. Idan suka ɗore ana zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti domin gwajin ji. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara kuma ita ce Ranar Ji ta Duniya.